Mataimakin AI a Cikin Tawagar Masu Gina Manhaja: Yadda Za Ku Sa Shi Aiki Zango Bayan Zango

A watan Fabrairun 2001 wasu masu gina manhaja su 17 suka haɗu a Snowbird, wani wurin shaƙatawa a tsaunukan jihar Yuta ta Amurka. Abin da ya tara su shi ne gajiya da wata hanyar aiki da kowannensu ya sha wahalarta: a rubuta buƙatun mai aiki, wato wanda ake gina wa manhajar, a takarda mai ɗaruruwan shafuka, a rufe ƙofa a shafe shekara ana gini, ranar da aka kai masa ya duba ya ce ba haka yake nufi ba. Takardar da suka fitar, wadda ta haifar da tsarin da ake kira Ajayil, gajera ce ƙwarai. Ta fifita mutane da hirar da ke tsakaninsu a kan kayan aiki da ƙa'idoji, ta fifita manhajar da ke aiki a kan tulin takardu, ta fifita tafiya tare da mai aiki a kan ja-in-ja kan kwangila, ta kuma fifita karɓar canji a kan manne wa shirin da aka zana tun farko. A aikace, a gina kaɗan, a nuna, a saurara, a gyara, sannan a ɗebo wani kaɗan ɗin.

Bayan shekara 20 sai ga sabon baƙo a ɗakin: mataimakin AI, manhajar da ake ba umarni ta amsa tambaya ko ta rubuta kod, wato rubutun da ake gina manhaja da shi. GitHub Copilot ya fito a 2021, ChatGPT ya biyo baya a ƙarshen Nuwamban 2022, sai Claude da Gemini da Cursor da sauransu. Yau da wuya ka shiga inda matasa ke rubuta kod ba ka ga ɗaya daga cikinsu a buɗe a gefen allo ba.

Ga matsayata tun kafin mu yi nisa. Mataimakin ya sauƙaƙa rubuta kod matuƙa, amma ba a wurin rubutu tawaga ta fi maƙalewa ba. An fi maƙalewa wajen gane abin da mai aiki yake so, da jiran wanda zai duba abin da aka rubuta, da jiran amsar masu amfani. Idan kuka ninka saurin rubutu kuka bar waɗannan yadda suke, aiki zai taru a bakin ƙofar bita, inda wani ke duba kod kafin a karɓa, kamar manyan motoci a shingen hanya. Duk matakan da ke ƙasa an gina su ne a kan wannan.

Don kada maganar ta zama a iska, mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce tawaga ce ta mutum biyar a Kano, suna gina manhajar waya da masu shago a Kantin Kwari za su riƙa rubuta bashin da suke bin abokan ciniki. Suna bin Scrum, tsarin da Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995, inda ake raba aiki zuwa gajerun zanguna waɗanda ba sa wuce wata ɗaya. Tawagar tamu ta zaɓi zangon mako biyu.

Mataki na 1: Ku auna kanku kafin baƙon ya shigo

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, shi ne kuma zai ba ku damar sanin gaskiya daga baya. Dalili kuwa, ji a jiki yana yaudara. A 2022 GitHub ya gwada masu rubuta kod 95 a kan aiki guda, wato rubuta wata 'yar saba (manhajar da ke amsa buƙatun wasu kwamfutoci) da harshen kod na JavaScript, waɗanda ke da Copilot suka gama da saurin da ya fi na sauran da kusan kashi 56 cikin ɗari. A 2025 kuma cibiyar bincike ta METR ta bi ƙwararru 16 a kan ayyuka 246 a cikin manyan ma'ajiyun kod da suka daɗe suna aiki a kai. Kafin a fara sun yi tsammanin mataimakin zai rage musu lokaci da kashi 24. Bayan an gama sun ce ya rage musu kusan kashi 20. Agogo kuwa ya nuna lokacin ya ƙaru ne da kashi 19. Binciken biyu ba su ƙaryata juna ba: ƙaramin aiki sabo fil daban yake da gyara a cikin tsohon gini mai lunguna. Abin lura shi ne ƙwararrun da kansu ba su ji cewa sun yi nawa ba.

Saboda haka, zango biyu kafin ku canza komai, ku rubuta lambobi huɗu: kwana nawa aiki ke ɗauka daga ranar da aka fara shi zuwa ranar da ya isa hannun masu amfani, sau nawa kuke fitar da sabon canji, cikin canje-canjen nawa ne suka ɓata wani abu har aka koma gyara, da kuma awa nawa canji ke zama yana jiran mai dubawa. Ba sai da wata manhaja ta musamman ba. Manhajojin bin sawun aiki irin su Jira ko Trello ko allon GitHub suna ajiye ranaku, idan ma babu, takardar Excel ta isa.

Mataki na 2: Ku zauna ku yi yarjejeniya, shafi ɗaya

Abu biyu ne ba a sassauci a kansu. Na farko, abin da ba ya shiga akwatin hira da mataimaki: sunaye da lambobin wayar masu bashi, BVN, NIN, kalmomin sirri, mabuɗan API (lambobin sirri da manhaja ke shiga wata manhaja da su), da kwafin rumbun bayanai na gaske. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin bayanan mutane a kan wanda ya tattara su, kuma aika su zuwa sabar wani kamfani a ƙasar waje ba ƙaramin abu ba ne a idon dokar. Ba ƙananan tawagogi kaɗai ke faɗawa wannan ramin ba. A 2023 Samsung ya taƙaita wa ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji bayan wasu sun liƙa kod ɗin kamfani a ChatGPT. Idan kuna buƙatar bayanan gwaji, ku sa mataimakin ya ƙirƙiro na ƙarya, ai wannan aikin ya iya shi sosai. Ku kuma shiga saitunan asusun da kuke biya ku karanta abin da kamfanin ke yi da hirarku, domin sharuɗɗan asusun mutum ɗaya da na kamfani sukan bambanta.

Na biyu, wanda ya miƙa kod shi ne mai shi. Babu “ai AI ne ya rubuta”. Duk layin da mutum ba zai iya bayyana wa abokin aikinsa dalilinsa ba, kada ya miƙa shi. Ku rubuta wannan a cikin sharuɗɗan da tawaga ta amince da su na cewa aiki ya kammala, kusa da “gwaje-gwaje sun wuce” da “wani ya duba”. Gwaji a nan ɗan kod ne da ke duba ko manhajar ta yi abin da ake so.

A zaman nan ne kuma za ku yanke wace manhaja za ku biya. Kuɗin yawanci da dala ake biyansa kowane wata, kowane kai, don haka ku fara da ɗaya.

Mataki na 3: Ku rubuta masa takardar gabatarwa

Mataimakin baƙo ne mai ilimi da yawa wanda bai san gidanku ba, kuma sau da yawa yakan wayi gari ya manta hirar jiya. Maganin wannan shi ne fayil guda a cikin ma'ajiyar kod, inda tawaga ke ajiye duk fayilolin manhajar, wanda yake karantawa duk lokacin da ya fara aiki. Claude Code yana neman CLAUDE.md, Copilot yana karanta copilot-instructions.md a cikin jakar .github, wasu da dama kuma suna bin AGENTS.md. Sunan ya bambanta, aikin ɗaya ne.

Me za ku sa a ciki? Yadda ake kunna manhajar da yadda ake gudanar da gwaje-gwaje, tsarin jakunkuna, da dokokin da ku kaɗai kuka sani. A nan tawagar Kano take da abin faɗa da yawa, domin mafi yawan kod ɗin da mataimakin ya koya daga gare shi ba a rubuta shi da mai shago a Kwari a rai ba. Misali:

“Kuɗi a kobo ake ajiye shi, cikakkiyar lamba, ba a amfani da lamba mai ɗigo. Sunaye suna iya ɗaukar ƙ, ɗ, ɓ da alamar hamza kamar a Sa'adatu da Mu'azu, kada a ƙi su. Idan an nemi Danladi a akwatin bincike, Ɗanladi ma ya fito. Lambar waya tana iya zuwa da 0 a gaba mai lamba 11 ko da +234, a mayar da su siga ɗaya kafin ajiyewa. Wasu abokan ciniki daga Nijar suke, lambarsu +227 ce mai lamba 8. Manhajar dole ta yi aiki ba intanet, ta aika bayanai idan sabis ya dawo.”

Kowace jimla a nan kuskure ne da aka toshe tun bai faru ba. Batun kobo kaɗai ya isa misali: a JavaScript idan ka haɗa 0.1 da 0.2 amsar da za ka samu ita ce 0.30000000000000004, kuma ɗan kasuwan da ya ga lissafin bashinsa ya kauce da ko sisi ba zai sake buɗe manhajar ba. Fayil ɗin ya zama gajere, na kowa ne, kuma duk lokacin da mataimakin ya maimaita kuskure sau biyu, a ƙara layi ɗaya.

Mataki na 4: Tace jerin aiki, inda ya fi amfani kuma ya fi haɗari

Kafin kowane zango ana zama a tace jerin ayyukan da ke jira. Yawancin tawagogi suna rubuta kowane aiki a sigar ɗan labari: a matsayina na wane, ina son kaza, domin kaza. Na tawagarmu zai iya zama: “A matsayina na mai shago, ina son in rubuta biyan da aka yi mini na wani ɓangaren bashi, domin in san abin da ya saura.”

Kada ku fara da cewa mataimakin ya rubuta muku labaran. Zai rubuta, talatin ma a minti ɗaya, kowanne a tsare kamar gaske, kuma babu ko ɗaya da ya fito daga bakin ɗan kasuwa. Jerin aiki zai kumbura, mai alhakin manhaja, wato wanda ke yanke wane aiki za a fara yi, ya rasa na gaba da na baya. Labari alama ce ta hirar da za a yi da mai amfani, don haka asalinsa daga kasuwa yake. Wani ya je Kwari ya zauna a benci ya ga yadda ake buɗe littafin bashi, ya ji yadda ake cewa “rubuta, sai ran kasuwa”.

Bayan an dawo da labarin ne aikin mataimaki ke farawa, kuma aikin da ya fi iyawa shi ne tambaya. Ku ba shi labarin tare da umarni irin wannan: “Kada ka rubuta kod. Ka jero mini tambayoyi goma da ya kamata in yi wa mai shago kafin a fara wannan aikin, ka fara da waɗanda amsarsu za ta fi canza yadda za a gina shi.” Zai kawo irin su: idan an biya fiye da bashin fa? Idan yaron shago ne ya karɓi kuɗin, ba maigida ba? Idan an rubuta biya bisa kuskure, gogewa za a yi ko a rubuta gyara a bar tarihin? Wasu tambayoyin shirme ne, ku watsar. Biyu ko uku za su sa ɗakin ya yi shiru, waɗannan su ne ribar zaman. Amsarsu kuma ba a wurinsa take ba, sai an ɗauki waya an kira ɗan kasuwa.

Da amsoshin sun samu, ku sa shi ya mayar da su sharuɗɗan karɓa a siga mai gaɓa uku: ga halin da ake ciki, ga abin da aka yi, ga abin da ya kamata ya faru. “Ana bin mutum naira 50,000. Ya biya 20,000. Ragowar ta nuna 30,000, kuma biyan ya bayyana a tarihi da ranarsa da sunan wanda ya karɓa.” Mai alhakin manhaja ya karanta kowane sharaɗi da bakinsa a gaban kowa. Wanda bai yarda da shi ba a cire.

Haka nan wajen yanka babban aiki. Idan labari ya fi ƙarfin kwana biyu ko uku, ku ce ya ba ku hanyoyi uku na raba shi ta yadda kowane yanki zai zama abin da mai shago zai iya taɓawa da hannunsa. Ku lura, yakan so raba aiki hawa-hawa, wato rumbun bayanai daban, saba daban, fuskar manhaja daban. Irin wannan rabon ba ya haifar da abin nunawa a ƙarshen zango. Ku ce masa ya sake.

Mataki na 5: Ƙiyasi ya zauna a hannun mutane

A zaman shirin zango wasu tawagogi suna ɗaga kati mai lamba, 1, 2, 3, 5, 8, don ƙiyasta girman kowane aiki, kowa ya nuna nasa lokaci ɗaya. James Grenning ne ya fito da dabarar a 2002, kuma amfaninta yana cikin saɓani: idan ɗaya ya ɗaga 2 wani ya ɗaga 8, to akwai abin da ɗayansu ya sani wanda ɗayan bai sani ba. Idan kuka fara tambayar mataimaki ya ce 3, kowa zai lallaɓa ya tsaya kusa da 3, saɓanin ya mutu. Ku ɗaga katinku tukuna. Bayan haka kuna iya tambayarsa waɗanne fayiloli aikin zai taɓa, ko akwai haɗarin da ba ku ambata ba.

Kuma a zangunan farko kada ku ƙara yawan aikin da kuke ɗauka don kun samu mataimaki. Ku ɗauki abin da kuka saba. Idan lokaci ya ragu, jerin aiki yana nan bai gudu ba.

Mataki na 6: Wajen rubuta kod, gwaji ne linzami

Kent Beck da abokansa na tsarin XP, ɗaya daga cikin hanyoyin Ajayil, sun daɗe suna koyar da a rubuta gwaji kafin kod: a rubuta gwajin da zai faɗi, a rubuta ɗan kod ɗin da zai sa ya wuce, sannan a gyara tsari. Da yawa sun ɗauke shi wahalar banza. Da zuwan mataimaki, a ganina, wannan tsohuwar al'ada ta zama abin da ba a iya yi ba tare da ita ba, domin yanzu akwai mai rubuta layi ɗari biyu kafin ka kurɓi shayi, kuma yana rubuta daidai da kuskure da murya ɗaya, babu inda-inda.

Ga yadda aiki ɗaya zai tafi. Ka ɗauki sharuɗɗan karɓa na mataki na 4 ka sa mataimakin ya mayar da su gwaje-gwaje. Ka karanta gwaje-gwajen nan a tsanake fiye da yadda za ka karanta kod ɗin kansa, domin su ne alƙalai. Ka gudanar da su ka ga sun faɗi, saboda gwajin da ya wuce tun ba a rubuta komai ba babu abin da yake aunawa. Ka adana su a git, manhajar da ke ajiye tarihin duk canjin da aka yi wa kod. Daga nan ka ce ya bayyana maka shirinsa da kalmomi kafin ya taɓa fayil ko ɗaya. Gyara shiri mai layi biyar ya fi sauƙi a kan warware canjin da ya bazu a fayil goma sha biyu. Idan shirin ya yi, ka bar shi ya rubuta, yanki-yanki, kana adanawa bayan kowane yanki don ka sami wurin komawa.

Akwai halaye uku da za ka sa wa ido. Idan gwaji ya ƙi wucewa, wani lokaci mataimakin yakan gyara gwajin maimakon kod ɗin, ko ya rubuta abin da zai gamsar da wannan misalin kaɗai. Shi ya sa aka adana gwaje-gwajen tun farko, duk canjin da ya taɓa su zai fito fili. Na biyu, yakan ambaci ƙunshin kod, wato kod ɗin wasu da ake saukewa a yi amfani da shi, wanda babu shi a duniya, da suna mai kama da gaske, kuma masu mugun nufi suna iya yin rajistar irin waɗannan sunaye a rumbunan da ake sauke su irin npm ko PyPI su cusa musu guba. Duk sabon ƙunshin da ya kawo, ka buɗe shafinsa ka ga wa ke kula da shi da kuma tun yaushe. Na uku, yakan sake rubuta abin da tuni akwai shi a wani lungu na ma'ajiyar, sai a wayi gari da hanya uku ta lissafa ragowar bashi, kowace da nata kuskuren.

Ka sa wa kanka iyaka: idan kun yi zagaye uku kai da shi a kan matsala ɗaya ba ta warware ba, ka rufe hirar. Ko ka buɗe sabuwa da bayani mafi kyau, ko ka juya kujera ka kira abokin aiki. Sauri ya haifi nawa, kuma a nan ne ake asarar rabin yini ba a sani ba.

Wata magana a kan masu koyo, don ta dame ni. Matashin da ya shigo tawaga yana iya miƙa aiki mai kyan gani wata shida bai fahimci yadda manhajar ke numfashi ba, ranar da abu ya lalace da dare kuma sabis ya ɗauke, ba shi da abin kamawa. Ku haɗa shi da babba su zauna a kwamfuta ɗaya ko da sau biyu a mako, mai koyon ne ke ba mataimaki umarni, babban yana tambayarsa “me ya sa ka karɓi wannan?” Ku kuma koya masa ya riƙa cewa “bayyana mini wannan fayil” fiye da “rubuta mini”.

Mataki na 7: Ku tsare ƙofar bita

Nan ne cunkoson da na ambata a farko yake taruwa. Rahoton DORA na 2024, binciken shekara-shekara da Google ke ɗaukar nauyi kan yadda tawagogi ke fitar da manhaja, ya ƙiyasta cewa ƙaruwar amfani da AI da kashi 25 tana tafiya da raguwar kashi 1.5 a yawan abin da ake fitarwa da raguwar kashi 7.2 a ƙarkon abin da aka fitar. Ɗaya daga cikin dalilan da masu rahoton suka kawo shi ne girman canje-canje: da rubutu ya yi sauƙi, sai mutane suka riƙa miƙa manyan ƙunshi. Kowa ya san abin da ke faruwa idan aka miƙo wa mutum layi dubu ya duba ana dab da tashi. Zai gungura ƙasa ya danna amincewa.

Magani biyu ne, dukkansu sun girmi AI. Na farko, ku sa iyakar girman canjin da za a miƙa, abin da mutum zai iya karantawa da hankalinsa a zama ɗaya. Wanda ya wuce haka a mayar a raba. Na biyu daga Kanban yake, tsarin da ya samo asali daga masana'antar Toyota a Japan: ku ƙayyade yawan ayyukan da za su iya zama a kowane layi na allon da ke nuna matakin da kowane aiki yake. Tawagar mutum biyar tana iya cewa layin “ana jiran bita” ba ya ɗaukar fiye da uku. Idan ya cika, babu mai fara sabon aiki sai ya je ya duba na wani. Da farko zai yi ciwo, musamman ga mai saurin hannu, amma a makon farko za ku ga inda aikinku yake kwana.

Mataimakin yana da gurbi a bita, a matsayin mai dubawa na farko. Marubucin kod ya sa shi ya duba kafin ya miƙa wa mutum, a sabuwar hira wadda ba ta san yadda aka rubuta ba, ya nemo wuraren da ba a kula da kuskure ba, da shigarwar da ba a tace ba, da sunayen da ke ruɗarwa. Mutum kuma ya zo da tambayoyin da na'ura ba ta da amsarsu: wannan shi ne abin da mai shago ya nema? Ya dace da inda muke son kai manhajar nan da wata shida? Duk abin da ya shafi kuɗi, shiga asusu, ko goge bayanai, mutum biyu su duba.

Mataki na 8: Taron tsaye da nunin aiki

Taron safiya minti 15 ne. Mataimaki yana iya tattaro abin da ya motsa a allo jiya da abin da ya kwana uku bai motsa ba, a karanta kafin a tsaya. Kada ya maye gurbin taron. Mutumin da ya maƙale yakan rubuta “ina ci gaba” a saƙo, amma fuskarsa da muryarsa sukan faɗi gaskiya.

A nunin ƙarshen zango kuwa gani ya kori ji. Ku miƙa wa ɗan kasuwa wayar ya rubuta bashi da hannunsa, ku yi shiru ku kalli inda yatsansa ya tsaya. Idan da izininsa kun naɗi hirar, mataimaki zai taimaka wajen fitar da batutuwa daga rubutun, amma wanda ya halarta ya bi taƙaitawar layi-layi. Waɗannan manhajoji sun fi ƙarfi a Turanci nesa ba kusa ba, kuma Hausar kasuwa cike take da zaurance. “Ba laifi” daga bakin Bakano tana iya zama yabo, tana iya zama ƙorafi cikin ladabi, sai wanda ya ga fuskar ne zai bambance.

Mataki na 9: Zaman waiwaye, da hukuncin zango na uku

Waiwaye adon tafiya. A ƙarshen kowane zango tawaga takan rufe ƙofa ta tambayi kanta me ya yi kyau, me ya ɓaci, me za a canza. Wannan zaman ku bar shi babu mai naɗi, babu mai taƙaitawa. Mutane ba sa faɗin “na ji tsoron tambaya” idan sun san ana rubutawa a sabar wani. Abin da mataimaki zai yi ya yi shi kafin a shiga: ya jera lambobin zangon, ya nuna ayyukan da suka fi daɗewa da inda suka tsaya.

A cikin zaman ku ware minti goma don shi kansa. Kowa ya kawo wuri ɗaya da ya taimake shi da wuri ɗaya da ya ɓata masa lokaci, da misali na gaske. Daga nan ake samun sabbin layukan takardar gabatarwa, da umarnin da ya yi wa wani aiki wanda sauran za su ara.

Bayan zango uku, wato mako shida a lissafin tawagarmu, ku ɗauko lambobi huɗun mataki na 1 ku ajiye su gefen na yanzu. Kada ku auna da yawan layukan kod ko yawan makin katin ƙiyasi na ayyukan da aka gama, waɗannan za su hau ko da manhajar ba ta ƙaru da komai ba. Idan kwanakin isar aiki hannun masu amfani sun ragu kuma gyare-gyaren gaggawa ba su ƙaru ba, ku ci gaba, ku gwada shi a wani sashe, kamar rubuta bayanin tsohon kod ko cike gwaje-gwajen da babu. Idan kwanakin sun ragu amma ɓarna ta ƙaru, ku koma mataki na 6 da na 7, ku rage girman canji da rabi. Idan awannin jiran bita ne suka hau, ku sauke iyakar layin daga uku zuwa biyu, ku sa awa ɗaya ta farkon kowace safiya ta zama ta duba aikin juna, sannan ku sake aunawa bayan zango biyu.